Kunun zakinki tsami ya yi ko lalacewa? Yadda za ki gane, da inda za ki nemi laifin

Da zarar bazara ta kama a Damagaram, tambayar da matan unguwa suka fi zuwa mini da ita ba ta wuce guda ba: "Malama, ɗanɗana mini kunun nan, ko ya lalace?" Sun san na daɗe ina koyar da ilimin halittu a sakandare kafin in ajiye alli, sun kuma san kunun zaki nake yi na sayarwa a nan Sabon Gari, sana'ar da na koya a hannun gwaggona. Ba na fara kai shi baki. Harshe shi ne na ƙarshe. Kafin shi akwai ido, akwai hanci, akwai kuma 'yan tambayoyi, domin kowace irin lalacewa tana da inda take shigowa, kuma wadda ta iya bin sawu za ta kai ga wurin.

Sai mu fara da abin da ke faruwa a cikin robar idan komai ya tafi daidai. Kin jiƙa hatsi, wato gero, ko dawa ya kwana, kin wanke kin rege, kin kai markaɗe da citta da kanumfari da ɗan masoro da busasshen dankali. Kin raba ƙullun biyu, babba da ƙarami. Babban kin sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, ƙaramin kin bar shi ɗanye, wasu ma sukan haɗa shi da tsiron shinkafa ko na dawa. Da damammen ya huce sai ki juye ɗanyen a ciki, ki rufe, ki bar shi ya kwana. Aiki biyu ake yi a daren nan. Akwai wani sinadari a cikin dankali da tsiro, masana na ce masa amilez, wanda ke yayyanka sitacin hatsi ya mai da shi sukari. Shi ya sa abin da kika bari da kauri kike tarar da shi ya tsinke ya yi zaƙi tun ba ki zuba sukari ba. A lokaci guda kuma wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, dangin laktobasilus, irin waɗanda ke mai da madara kindirmo, suna cin wani kaso na sukarin suna fitar da tsami.

Wannan tsamin shi ne mai gadin kununki. A ma'aunin tsami da ake kira pH, ruwa zalla yana kan 7, kuma duk yadda lambar ta yi ƙasa, tsami ya ƙaru ke nan. Kunun zakin da ya kwana lafiya yakan sauka zuwa wajen 4. Ƙasa da 4.6 ƙwayar da ke haddasa gubar nan mai shanye jiki ta abincin gwangwani ba ta iya girma, ƙwayar kwalara ba ta daɗewa, yawancin masu kawo gudawa kuma hayayyafarsu tana tsayawa ko ta ragu sosai. To ashe ƙofa biyu ce ɓarna ke shigowa ta ciki. Ta farko da dare, idan tsamin ya yi jinkirin kamawa, miyagun ƙwayoyi suka riga na kirki cika robar. Ta biyu da safe, bayan tsamin ya gama aikinsa, lokacin da muke tacewa, mu ƙara ruwa, mu zuba sukari, mu ɗura a gora, mu jefa ƙanƙara. A ganina ta biyun ta fi kama mu, saboda a lokacin ne hankali ya kwanta, ana ganin ai aiki ya ƙare.

Masu dafa burkutu da wannan matsala suke kokawa, don farkon aikinsu da namu kusan ɗaya ne: tsiron dawa, a bar shi ya yi tsami. Su dai sukan tafasa, su ci gaba su bar wa yis filin na kwana ɗaya ko biyu, mu kuwa muna tsayawa tun kafin nan. Ilimin ma daga can ya samo asali. A 1856 ne wani mai masana'antar barasa a garin Lil na Faransa ya kai wa masanin kimiyya Luwi Pastar kukan cewa kayansa na ta lalacewa. Da ya duba a madubin likita sai ya ga a tukwanen da ke lafiya yis ne ya cika, a waɗanda suka ɓaci kuma wasu 'yan ƙananan halittu masu siffar sanda. Abin da su ke kira lalacewa, wato tsami, shi ne mu muke nema. Abin da su ke nema kuma shi ne mu muke gudu.

Abin da ido zai gani

Ki buɗe robar a wuri mai haske kafin ki motsa ta. Ruwa garai-garai a sama, gari ya kwanta a ƙasa, wannan ba komai ba ne, halin kunun ke nan. 'Yar kumfa fara a gefe-gefe ita ma ba laifi, don wasu daga cikin ƙwayoyin tsamin suna fitar da iska. Idan kika ga wata farar yana siririya a sama, mai ɗan yamutsewa, ba ta da gashi, to yis ne na daji mai son iska. An fi ganinta a kan kamu ko gasarar da ta kwana biyu ba a sauya mata ruwa ba. A kan gasara sai ki kwashe ta, ki sauya ruwa, ki dama koko da ruwan da ya tafasa sosai. A kan kunun zaki kuwa alama ce ta ya wuce lokacinsa, ba na sayar da irinsa.

Fumfuna daban ce. Tana da gashi-gashi, tana fitowa tsibiri-tsibiri, kore ko baƙa ko ruwan ɗorawa. Wannan babu ceto. Kada ki ce za ki kwashe saman ki sha na ƙasa, domin a abu mai ruwa gubar da ta saki ta riga ta bi ko'ina. Haka idan kika ga launin hoda ko ja-ja a bakin robar ko a murfi. Amma idan kunun jar dawa ne ya yi duhu ko toka-toka, ki duba ko ya taɓa ƙarfe mai tsatsa ko faifan injin sabon wasawa ne, don jar dawa da ƙarfe idan suka haɗu sukan baƙanta. Muni ne kawai da ɗan ɗanɗanon ƙarfe.

Wanda ya fi tayar wa mata hankali shi ne yauƙi, kuma shi aka fi danganawa da sammu ko baki. Wata amarya a layinmu ta shigo mini da ƙaramar roba a cikin zane, ta ce, "Inna Malama, ko dai an sa mini hannu ne? Kwana da kwanaki ke nan kununa yana haka." Na tsoma ludayi na ɗaga, sai ga shi yana bin ludayin yana zare kamar miyar kuɓewa. Ba ya wari, tsaminsa ma daidai. Na ce, "'Yata, yaushe kike fara ganin zaren, da kin buɗe da asuba ko sai bayan kin zuba sukari?" Ta ce sai can wajen hantsi. Na ce ta kawo mini matacinta. Ta ɗauko shi daga cikin bokiti inda take naɗe shi jiƙe bayan ta ɗauraye, na murza bakin ɗinkin da yatsa, santsi ne zalla.

Akwai wata ƙwaya, lukonostok, wadda idan ta samu farin sukari takan saƙa shi ya zama wani abu mai danƙo. Masana'antun sukari sun daɗe da saninta, don tana toshe musu bututu. Tana son jiƙaƙƙen ƙyalle da tsagar ƙwarya da karce-karcen tsohuwar roba. Idan yauƙin bayan sukari yake zuwa, ita ce ta farkon zargi, kuma maganinta a tafasa mataci kullum, a shanya shi a rana ya bushe ƙamas. Amma idan tun da asuba kika tarar da yauƙin, kafin tata da sukari, musamman idan kunun bai yi tsami ba kuma yana wani ƙamshin ruɓaɓɓen ɗan itace, to dangin basilus ne, waɗanda ke zuwa da ƙurar hatsi kuma ƙwansu ba ya mutuwa da tafasasshen ruwa. Wannan ya fi haɗari, don a danginsu akwai mai dafi. Ko wanne ne dai, kunu mai yauƙi zubarwa ake yi. Tambayar lokacin tana da amfani ne don ki san abin da za ki gyara gobe.

Hanci

Lafiyayyen kunu ƙamshin citta da kanumfari yake, da ɗan tsami mai daɗi irin na nono. Warin amai ko na ruɓaɓɓen man shanu yana nufin tsamin bai kama da wuri ba, wata ƙwaya mai suna kulostiridiyum ta samu ɗumi da rashin iska ta yi aikinta. An fi samun haka idan an dama mai yawa a babbar roba mai zurfi, an juye ɗanyen ƙullu tun yana tururi, an kuma rufe ruf. Zafin ya kashe ƙwayoyin tsamin da ke cikin ɗanyen, ya lalata amilez ɗin ma, shi ya sa irin wannan kunun kan wayi gari da kauri, salam, ba zaƙi ba tsami. Ki bar damammen ya sauka zuwa digiri 50 ko 55, wato har ki iya dafa jikin tukunyar da tafin hannu na ɗan lokaci ba ki janye ba. Kada ki tsoma yatsa don gwaji. Kada kuma ki bar shi ya yini yana hucewa. Ki riƙa juyawa da tsabtatacciyar muciya, ko ki raba shi a robobi biyu masu faɗi.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai ko na kwata yakan samo asali tun daga jiƙo. A zafin Afrilu da Mayu, da ma'auni ke haura digiri 40 a garin nan, hatsin da ya kwana ya yini a ruwa ɗaya ya fara ruɓa tun kafin ya ga inji. Ki sauya ruwan jiƙon aƙalla sau ɗaya, ki kuma rage tsawonsa. Tsami mai hawa hanci irin na binegar, ko warin maganin goge farce, alama ce ta yis ya riga ya yi barasa, sannan wasu ƙwayoyi masu son iska sun mai da ita binegar. 'Yan mitsi-mitsin ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro su ne ke yawo da su. Warin magani irin na asibiti kuma yawanci ba ƙwaya ba ce, jabel ne, wato ruwan bilic na wanki, da ba a ɗauraye da kyau ba. Ɗaci da gafi kan zo daga tsohon hatsin da aka surfa aka ajiye, domin hatsi yana da mai a jikinsa fiye da dawa, kuma da an fasa shi man yake fara lalacewa. Ko kuma kin cika kanumfari.

Gorar da ta kumbura

Ga wadda na fi so mu tsaya a kanta, don ba maganar lafiya kaɗai ba ce. Kin ɗura kunu mai sukari a gora kin murɗe murfi, an ɗauke wuta tun safe, firigo ya huce. Da la'asar gorar ta yi tauri, gindinta ya turo waje, da kin buɗe ta yi tsaki, kumfa ta taso, kunun yana tsikarin harshe, yana warin ƙullun fanke da ya wuce tashi. Yis ne ya samu sukari da ɗumi. Abu biyu yake fitarwa a tare, iskar da ta kumbura gorar da barasa, kuma a rufaffiyar gora ba ya yin ɗaya ba tare da ɗayan ba. A sa'o'in farko kaɗan ce, amma ba ta tsayawa muddin akwai sukari da zafi.

Maganar ba sabuwa ba ce. Ya zo a Sahihu Muslim daga Ibnu Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi, ya sha a ranar da kashegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai a shayar ko a zubar. Hukunci na malamai ne, ni abin da zan ƙara na sana'a ne: kunun da ke ɗauke da yis tun daga hatsi, aka ƙara masa farin sukari, aka rufe shi a zafin Damagaram, ba ya kai kwana uku, da ƙyar yake cika yini. Ni gorar da ta yi tsaki ba na sha, ba na ba yaro, ba na sayarwa. Abin da ke rage mini asara shi ne jinkirta sukari: ina tace duka, in sa a sanyi ba sukari, in riƙa zuba wa wanda zai fita cikin sa'o'i kaɗan. A watan azumi ma, da ake sayen kunu da la'asar, ina mai da haɗin zuwa bayan sahur don ya nuna da azahar, maimakon ya kwana ya kuma yini yana jiran shan ruwa. Kada ki taɓa rufe irin wannan kunun a kwalba, tana iya fashewa a hannun mutum.

Idan kunun tsami kawai ya yi yawa, ba wari, ba yauƙi, ba tsaki, to bai lalace ba. Ki ƙara masa ɗan tafasasshen ruwan da ya huce da sukari, a sha nan take, gobe ki rage sa'o'in kwanan: shida zuwa takwas sun isa a bazara, a hunturu kuwa yakan nemi goma sha biyu ko fiye. Abin da nake roƙon ki da Allah kada ki yi shi ne jefa kanwa don ta kashe tsamin. Takan kashe shi kuwa, amma da shi take tafiya da kariyar gaba ɗaya, ta bar ruwa mai sukari a buɗe ga duk ƙwayar da ta faɗo. Kunun kanwa da zafinsa ake sha, shi ya sa ba ya cutarwa. Kunun zaki mai kanwa da zai yini a kula wani abu ne daban. Haka nan kada ki gauraya na jiya mai shakka da sabo don ya ɓace a ciki. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Wanda ba ya wari

Abin da ya sa ba na yarda da harshe shi ne, ƙwayoyin da suka fi kwantar da mutane ba sa sauya ɗanɗano ko ƙamshi. Kunu na iya zama fes a ido, garɗi a baki, ya kuma ɗauki taifot ko kwalara daga ruwan da aka ƙara da safe. A yanayi mai kyau gare ta, ƙwaya ɗaya na rabuwa biyu duk minti 20, cikin sa'a bakwai ta haura miliyan 2. Idan aka kawo miki ƙorafi cewa wani ya sha kununki ya kwanta, kada ki yi fushi, kada kuma ki ruɗe. Ki tambayi mutum nawa, sannan ki tambayi bayan sa'a nawa.

Amai mai ƙarfi cikin sa'a 1 zuwa 6 yana nuna dafin da ya riga ya taru a cikin kunun kafin a sha. Ko daga basilus na damammen da ya daɗe da ɗumi ba tsami, ko daga wata ƙwaya da ke zaune a hanci da fatar mutane da yawa, musamman a ƙurji ko yankan wuƙa a yatsa. Waɗannan dafin biyu tafasa ba ta kashe su, shi ya sa sake dafa kunun da ya ɓaci ba gyara ba ne. Gudawa da ciwon ciki da zazzaɓi bayan rabin yini zuwa kwana uku sun fi nuna ruwa ko ƙanƙara ko hannun da bai ga sabulu ba. Zawo fari tsululu mai yawa, mutum yana zubewa cikin sa'o'i, wannan a garzaya asibiti ne ba jira, don mun ga abin da kwalara ta yi a jihohin Maraɗi da Damagaram a 2021. Kafin a isa, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ke kuma ki tsayar da sayarwa har ki gano bakin zaren.

Ga yadda nake gano shi. Ki nemi ƙananan kwalabe uku masu faɗin baki, ki tafasa su da murafensu minti goma. A ta farko ki ɗebi kunun da asuba kai tsaye daga robar, kafin tata. A ta biyu ki ɗeba bayan kin tace kin ƙara ruwa. A ta uku ki zuba wanda ya riga ya sha sukari ya shiga gora, ki tsiyayo shi daga gorar. Ki ɗora murafen sakwa-sakwa, ki ajiye su a inuwa wuri ɗaya, ki riƙa dubawa da shinshinawa duk bayan sa'o'i uku ko huɗu. Dukkansu za su lalace a ƙarshe, abin dubawa shi ne wadda ta riga, da irin lalacewar da ta yi. In ta farko ce ta zo da wari ko yauƙi, laifin yana baya: hatsi, jiƙo, inji, ko zafin haɗi. In ta farko ta tsaya lafiya ta biyu ta ɓaci, mataci ne ko ruwa. In biyun farko lafiya, ki tuhumi gora da mazurari da hannu, ki dai tuna cewa mai sukari dole ta riga sauran yin kumfa. Wannan gwajin yana kama masu ɓata kunu ne, ba ya nuna taifot, amma ƙofar da waɗancan suka bi ita ce wadda waɗannan za su bi. Kuma idan kin zo gyara, abu ɗaya za ki sauya a rana, in ba haka ba ko ya gyaru ba za ki san me ya gyara shi ba.

A garin nan ruwa ne babban abin tuhuma. Damagaram a kan dutse take, ruwanmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo-Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma kowa ya san yadda famfo ke yin shiru a bazara. Sai mu koma ga 'yan garuwa da randa da bido. Ko ruwan ya fito da tsabta, bidon da ya yi shekara ba a wanke cikinsa ba da modar da kowa ke tsomawa a randa sun isa su ɓata shi. Duk ruwan da zai taɓa kunu bayan damu, na tata ne ko na sirki, ki tafasa shi ya yi ta ɓararraka minti ɗaya cikakke, ki rufe ya huce tun da dare. In itace ya yi tsada, ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs ta wadatar, a bi adadin litar da ke jikin takardarta, a jira minti 30. Ƙanƙarar da ba ki san ruwanta ba, a gefen gora take zama cikin kula, ba ta shiga cikin kunu. Sanyi ba ya kashe ƙwaya, kwantar da ita kawai yake yi.

Sai inji. Wanda ya markaɗa wake da tattasai jiya da yamma, aka bar saura a tsakanin faifai ya kwana, shi zai fara zubowa cikin ƙullunki. Ina zuwa da ruwana a bido, in ce, "Baba, don Allah a ɗan kora mini shi kafin a zuba," in kuma tare na farkon da ya fito a wani kwano daban. Da ladabi da 'yar dala biyar a kai, ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba.

Gora kuwa, in da hali sabuwa ta fi. Wadda aka tsinto ba ki san me ta ɗauka ba, ko fetur, ko maganin ƙwari, ko fitsarin gwaji. In dole sai tsohuwa, ki tsaya ga ta ruwa ko ta lemo mai haske wadda ba ta karce ba. A wanke da sabulu da ɗan buroshi har wuyan murfi, inda baƙin datti ke maƙalewa a zaren murɗi. Sannan a jiƙa su da murafen a ruwan jabel, babban cokali ɗaya a lita 4 ko 5, na minti 15, a ɗauraye da tafasasshen ruwan da ya huce, a kife su bushe. Jabel ba ya aiki a kan datti, sai an wanke tukuna, kuma ba a haɗa shi da wani maganin wanki ko abu mai tsami, don yana tayar da iska mai shaƙe ƙirji. Robar haɗi idan cikinta ya yi kaushi da karce, ta koma ta wanki. Kada kuma ki bar kunu ya kwana a tukunyar dalma irin ta maƙera, domin ana zuba ta ne daga tarkacen ƙarafa, tsami kuma yana narko abin da ke jikinta, har da gubar dalma. A dama a ciki, a juye a roba.

Game da hatsin kansa, idan kin je Kasuwar Dole ki cusa hannu cikin buhun, ki ɗebo daga tsakiya ki shinshina. Wanda ya dunƙule, ko yake warin rima, ko yake da ƙura koriya, ki bar shi komai arharsa. Fumfunar hatsi da gyaɗa da masara tana fitar da guba mai suna aflatoksin, wadda ke cin hanta, kuma tafasa ba ta kawar da ita. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu sanadin masarar da ta kamu da ita. Ko akuya mai ba da nono kada a zuba wa irinsa, don gubar tana bi ta nono. Masu yin tsiro a gida su fi kowa kula, saboda jiƙaƙƙen buhu da ɗumi su ne abin da fumfuna ke so. A shimfiɗa shi siriri, a riƙa juyawa, a shanya a rana ya bushe sarai. In tsiron dawa ne, a murje saiwar da ɗan ganyen a sheƙe su kafin a daka, domin a nan ne dawa ke tara guba irin ta rogo mai ɗaci, wadda makiyaya suka sani a gyauron dawa.

Mata da yawa suna ajiye kofi ɗaya na kunun jiya, wanda ba a sa wa sukari ba, su zuba a haɗin yau don tsami ya kama da wuri. Dabara ce mai kyau, ni ma ina yi, musamman a hunturu, don tana rufe ƙofar nan ta dare. Sai dai abin da ke cikin na jiya, mai kyau da marar kyau, shi kike shukawa a na yau. Ranar da kika ga yauƙi ko wari ko kumfar da ta wuce ƙima, ki yanke wannan zaren. Ki zubar da abin da ya rage nesa da wurin aiki, ki tafasa mataci da muciya da ludayi, ki yi wa roba da mazurari wankin jabel, ki bar komai ya yini a rana. Kashegari ki fara da rabin tiya kawai, ba tare da na jiya ba, ki ɗebi kwalaben nan uku. In sun kai la'asar ba abin da ya canza sai ƙarin tsami, ki koma ma'auninki na kullum, ki kuma ɗebi sabon iri daga wannan haɗin.